Ku Tambayi Anti: Aure Ya Mutu, Yaran Kuma Fa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonninku kusan duk magana ɗaya ce, rigimar riƙon yara bayan rabuwa, har na rasa wanne zan ɗauka wanne zan bari. Na tsinci guda huɗu, na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum kamar yadda muka saba, na ɗan gyara rubutun don wasunku da gani cikin kuka kuka rubuto. Ku sani dai doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokacin ma a gari ɗaya kotun musulunci daban ta zamani daban, to ni fitila kawai zan haska muku, takardun kes ɗinku lauyan inda kuke ne zai duba su.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Shekara biyu kenan da rabuwarmu da baban yarana, namiji ɗan shekara bakwai da mace 'yar huɗu, duk suna hannuna tun ranar da na fito. Yanzu Allah ya kawo wani muna maganar aure, to da labari ya je kunnen baban nasu sai ya turo min saƙo wai ranar da aka ɗaura ranar zai zo ya kwashe 'ya'yansa, in na yi gardama mu haɗu a kotu, kuma Anti mutumin nan wallahi sai ya yi wata uku bai kira ya ji ya suka kwana ba, ko ajin da yaron yake bai sani ba. Ni dai ba na iya barci. In fasa auren ne ko ya zan yi? Daga Maman Biyu.

AMSA: 'Yar'uwa ki fara kwantar da hankalinki ki samu barci, saƙon waya ba hukuncin kotu ba ne. Ba ki faɗa min wace irin kotu ce ke da hurumi a kanku ba, to bari in taɓa miki duka biyun.

In shari'ar musulunci ce, abu uku ne mutane suke cakuɗawa su mai da su ɗaya. Akwai halana, wato riƙo da reno, wajen wa yaro zai kwana, wa zai masa wanka, wa zai tashi da shi in zazzaɓi ya rufe shi cikin dare. Akwai wilaya, wato waliccin uba a kan manyan al'amuran yaron. Akwai kuma ciyarwa, da tufatarwa da magani da sauransu. Na biyu da na uku suna wuyan uba ko yaran suna hannun wa, amma na farkon uwa ce a gaba. Asalinsa hadisin nan ne da Abu Dawud ya ruwaito, matar da ta zo wa Annabi (SAW) ta ce wannan ɗan nawa cikina ne mazubinsa, nonona ne abin shansa, cinyata ce makwancinsa, ga ubansa ya sake ni yana so ya ƙwace shi, sai aka ce mata ke kika fi cancanta da shi matuƙar ba ki yi aure ba. To wannan ƙarshen, matuƙar ba ki yi aure ba, shi ne sandar da tsohon mijinki yake ɗaga miki, kuma ba zan ɓoye miki ba akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, auren uwa da wanda ba muharramin yaro ba yana iya sauke haƙƙinta na riƙo.

Sai dai ya karanta rabin shafi ne ya rufe littafin. A mazhabar Malikiyya in haƙƙin ya sauka daga kanki ba kan uba yake faɗawa kai tsaye ba, mahaifiyarki ce ta gaba, wato kakar yaran ta wajen uwa, sannan 'yar'uwarki innarsu, ana bin layin mata tukuna kafin a zo kansa. Ki tuna rigimar da aka yi kan 'yar Sayyidina Hamza, Ali da Ja'afar da Zaidu kowa ya ce shi zai riƙe ta, Annabi (SAW) ya ba wa Ja'afar saboda innar yarinyar ce matarsa, ya ce inna a matsayin uwa take. Kai ko Sayyidina Umar da kansa ya sha wannan, a Muwaɗɗa an kawo yadda ya ga ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba ya ɗauke shi ya ɗora a dabbarsa, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi tana jayayya, suka je gaban Sayyidina Abubakar ya ce masa ya bar mata yaron, Umar bai ƙara cewa uffan ba. Wani abu kuma da malaman Malikiyya suka faɗa wanda mutane ba su cika sani ba, in wanda riƙon zai koma hannunsa ya san uwa ta yi aure ya yi shiru har shekara guda ba uzuri, to ya zubar da damarsa. Tsawon riƙon ma a Malikiyya ya fi na sauran, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, alhali a Hanafiyya ana maganar shekara bakwai ne ga namiji, tara ga mace. Ƙasashen musulmi da yawa ma sun sake duba lamarin, Masar ta ɗaga shekarun riƙon uwa zuwa 15 a 2005, Maroko kuma a dokar iyali ta 2004 ta ce auren uwa ba ya raba ta da yaron da bai wuce shekara bakwai ba.

In kuma kotun zamani ce, a mafi yawan ƙasashe tambaya ɗaya alƙali yake yi, me ya fi zama maslaha ga yaron. Wannan ƙa'idar tana cikin sashe na 3 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989. A nan aurenki shi kaɗai ba laifi ba ne, abin da za a duba shi ne gidan da za ki kai su, waye mijin, ya yake da yara, makarantarsu za ta canza ko a'a, sannan wa ya saba kula da su tun farko. Alƙalai ba sa son tumɓuke yaro daga inda ya yi saiwa sai da dalili mai ƙarfi.

Abin yi yanzu, ki tattara takardu tun kafin a kawo miki sammaci, rasit na makaranta, katin asibiti, sakamakon jarabawa da sa hannunki a kai, alat ɗin duk abin da ya taɓa turowa da ranakun da bai turo ba, saƙon barazanar nan ma ki adana shi kar ki goge don haushi. Ki zauna da mahaifiyarki ki ji ko a shirye take in an zo kanta. Kuma in da hali a samu manya ko mai sulhu a zauna da shi a rubuta yarjejeniya a kai kotu ta sa mata hannu, ya fi miki a ce alƙalin da bai taɓa ganin yaranki ba shi zai yanke.

Maganar fasa aure kuwa, ni ba zan ce ki fasa don barazana ba, yau in kin fasa gobe wani ya fito zai sake turo saƙon nan dai. Amma ki dubi sabon da idon basira, kar ki tsaya a "ai 'ya'yanki 'ya'yana ne" da ake faɗa lokacin zance, ki ga yadda fuskarsa take in ƙaramar ta ɓata masa riga ko ta hana ku hira da kuka, don a kotu shi ma za a auna shi.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni namiji ne, na san shafin nan mata suka fi yawa amma ki taimaka ki saurare ni. Kotu ta ba wa tsohuwar matata riƙon 'yarmu mai shekara shida, aka rubuta cewa ina da damar ganinta a lokutan da suka dace. To yau wata biyar ban sa ta a ido ba, in na kira a ce tana barci, in na je a ce sun fita, ranar nan ma ina tsaye a ƙofa ina jin muryarta a ciki aka ce ba ta nan. Da na gaji sai na tsayar da kuɗin da nake turawa duk wata, yanzu ita ce ta kai ni ƙara. Wannan adalci ne? Kuma da gaske ne a ƙasashen Turawa raba kwanakin yaro ake yi rabi da rabi? Daga Uban da Aka Hana.

AMSA: Ɗan'uwa shafin nan na kowa ne, kuma maganar jin muryarta a ciki ta taɓa min zuciya wallahi. An zalunce ka, an kuma zalunci yarinyar, don ganin uba haƙƙinta ne ita ma, sashe na 9 na yarjejeniyar 1989 ɗin nan ya ce yaron da iyayensa suka rabu yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da su biyun a kai a kai sai in hakan zai cutar da shi. Alƙur'ani ma a Baƙara aya ta 233 ya hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ya hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa, duka a numfashi ɗaya.

Amma fa ka yi wa kanka sakiyar da ba ruwa. Kuɗin nan ba kuɗin tikitin ganin 'yarka ba ne, cinta ne da shanta da makarantarta, kuma kusan ko'ina kotu tana ɗaukar ciyarwa daban ziyara daban. Jiya kai ne mai gaskiya tsantsa, yau za ka shiga kotu a matsayin wanda ya saɓa oda, lauyanta kuma da wannan zai buɗe baki. Ka biya bashin watannin nan kafin ranar zama, ta banki yadda za a ga shaida, sannan ka shigar da naka ƙorafin.

Asalin ciwon kuwa yana cikin takardar da ke hannunka. "A lokutan da suka dace" ba oda ba ce, ƙofar rigima ce, wa zai faɗi lokacin da ya dace, ita ko kai? Mutanen da suke gaisawa lafiya su ne irin wannan lafazin yake wa aiki. Ku da ba kwa ga maciji sai an rubuta muku komai dalla-dalla, wace rana, ƙarfe nawa za a ɗauka ƙarfe nawa za a dawo da ita, a ina za a miƙa ta, wa zai kawo wa zai mayar, hutun makaranta ya za a raba, kiran waya ko bidiyo sau nawa a sati, in ba ta da lafiya ranar ziyara yaushe za a rama. Ka roƙi kotu ta gyara odar ta zama haka, don sai oda ta fito fili ake iya cewa wane ya karya ta. Daga yau kuma ka samu ɗan littafi, duk ranar da ka je ko ka kira ka rubuta kwanan wata da abin da aka ce maka, ba zagi ba sharhi. Saƙonninka gare ta su zama gajeru masu ladabi, ka rubuta kowanne kamar alƙali ne zai karanta, don wataƙila shi ɗin ne zai karanta.

Kar kuma shaiɗan ya raya maka ka je makaranta ka ɗauke ta. Na taɓa zama a barandar wata kotu ina jiran wata da na raka, ga wata yarinya da ba ta wuce sa'ar taka ba zaune a benci da jakar makaranta a bayanta, uban ya ɗauke ta daga makaranta kwana tara kafin nan ba da sanin uwar ba. Dangin uwa a wannan gefen, dangin uba a wancan, kowa yana miƙo mata hannu yana zo nan, ita kuwa ta ƙanƙame igiyar jakar da hannu biyu tana kallon takalminta, ba ta je wajen kowa ba har aka kira kes ɗin. Uban nan da ƙorafinsa na gaskiya ya zo, irin naka sak, amma ranar ba wanda ya saurari wannan, maganar kwana taran kawai aka yi.

Batun rabi da rabi, an fi faɗarsa fiye da yadda yake. Ostareliya ta sa a dokarta a 2006 cewa a ɗauka iyaye biyu suna da alhaki daidai wajen yanke manyan shawarwari kan yaro, mutane da yawa suka fahimce shi a matsayin raba kwana daidai, daga baya aka cire wannan ƙa'idar, gyaran ya fara aiki a watan Mayun 2024. A Ingila ma ba dokar da ta ce dole rabi da rabi, abin da suka yi a 2014 shi ne canza sunan odar gaba ɗaya ta koma odar tsarin zaman yaro, don a rage jin cewa wani ya ci wani ya faɗi. Inda rabon kwana yake tafiya lafiya za ka tarar gidajen suna kusa, makaranta ɗaya, iyayen kuma suna iya magana ba a tara musu jama'a ba.

TAMBAYA: Anti ni goggon yaro ce, ɗan ƙanena, shekararsa 12. An ce alƙali zai gana da shi. Mun fara koya masa abin da zai faɗa don uwar tana da baki sosai, muna tsoron ta riga mu. Laifi ne? Daga Goggo.

AMSA: Goggo ku daina, yau ɗin nan. Eh ana jin ta bakin yaro mai wayo, sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ɗin nan ya tanadi haka, a Shafi'iyya ma yaron da ya kai shekarun wayo ana ba shi zaɓi tsakanin uwa da uba, a Ingila kuma akwai hukumar Cafcass da ma'aikatanta suke zama da yaro su rubuta wa kotu rahoto. Amma a kotunan zamani jin ra'ayinsa ake yi a haɗa da sauran hujjoji, ba shi ke yanke hukunci ba. Masu wannan aikin kuma sun ga yara ɗari kafin naku, da yaro ɗan 12 ya buɗe baki ya ce "mahaifiyata ba ta da tarbiyyar da za ta riƙe ni" sun san ba bakinsa ba ne, kuma a kan ƙanenki abin zai dawo. Ku gaya masa abu ɗaya kawai, ya faɗi abin da ke ransa, kuma duk abin da ya faɗa ba wanda zai yi fushi da shi. Sai ku cika alƙawarin in ya fito, ko tambayarsa me ka ce kar ku yi.

TAMBAYA: Anti ina zaune a Ingila, mun rabu da mijina, kes ɗin ɗanmu ɗan shekara biyar ya fi shekara ana ta ɗagawa, na gaji, ba ni da kowa a nan, ga aiki ga lauya ga kaɗaici. Ina tunanin in ce za mu je hutu gida wajen iyayena, in mun tafi shikenan ba za mu dawo ba. Fasfo ɗin yaron yana hannuna. Me kika gani? Daga 'Yarki a Nesa.

AMSA: 'Yata na ji gajiyarki har cikin ƙashina, amma kar ki yi. Wallahi kar ki yi.

A dokar Ingila ta 1984 fitar da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 daga ƙasar ba tare da yardar duk mai haƙƙin iyaye a kansa ko izinin kotu ba laifi ne da ake ɗaure mutum a kai, ko da uwar da ta haife shi ce. Wanda yake da odar cewa yaro a wajensa yake zaune yana iya fita da shi na ƙasa da wata guda, amma ke kes ɗinki ma bai ƙare ba. Sannan akwai Yarjejeniyar Heg ta 1980 wadda ƙasashe sama da 100 suka shiga, aikinta shi ne in an ɗauke yaro ko an riƙe shi a wata ƙasa ba bisa ƙa'ida ba, a mayar da shi ƙasar da ya saba zama cikin gaggawa, kotun can ta ci gaba da shari'ar. Ki lura da kalmar riƙewa, wato ko da izini kika tafi hutun, ranar da ya kamata ku dawo ta wuce, kin shiga ciki. Kotun da za ta duba maganar mayarwar ba za ta tsaya tantance wa ya fi iya riƙo ba, togaciyar da ke akwai kaɗan ce, babbar ita ce in mayar da yaron zai jefa shi cikin mummunan haɗari, kuma tabbatar da ita ba wasa ba ne.

Za ki ce to in ƙasarmu ba ta cikin yarjejeniyar fa. Ko da hakan ne, kotun Ingila za ta iya ba da odar ki dawo da shi, uban zai iya bin ki da ƙara har can gida, ke kuma kin rufe wa kanki ƙofar komawa, aikinki da takardunki duk sun tafi, yaron kuma wata rana zai girma ya buɗe intanet ya karanta labarin da bakin wani.

Hanyar da take ɓullewa ita ce ki nemi izinin ƙaura da yaro a gaban kotun da kes ɗin yake. Ana bayarwa, ba kullum ba amma ana bayarwa, kuma wanda ya zo da shiri a rubuce shi ake saurara, inda za ku zauna, makarantar da zai shiga, asibiti, abin da za ki dogara da shi, sau nawa zai zo wajen babansa a shekara da wanda zai biya kuɗin jirgi, ranakun kiran bidiyo. Ki faɗi maganar kaɗaicin ma kar ki ji kunya, halin da mai riƙo take ciki yana shafar yaro kuma kotu ta san haka, in kina ganin likita a kai ki karɓi takarda. Jan kes ɗin kuma ki sa lauyarki ta yi magana, dokar yara ta Ingila ta 1989 da kanta ta ce jinkiri yana iya cutar da maslahar yaro. In kuma akwai duka ko tsoratarwa a tsakaninku da ba ki rubuto min ba, ki gaya wa lauyar gobe da safe, wannan yana canza yadda za a tafiyar da kes ɗin gaba ɗaya, har zaman sulhun da ake nema kafin shiga kotu ana ɗauke wa wanda aka ci zarafinsa.

Fasfo ɗin kuwa ki tambayi lauyar ko ya fi ki miƙa mata ta ajiye har a gama, don ranar da gajiya ta kai miki iya wuya kar ya zama yana cikin durowar gefen gadonki. Ki sake rubuto min bayan zaman da ke tafe in ji yadda aka yi.